Anatoli Smorodintsev (1901–1986): Rayuwarsa da Fafutukarsa a Kan Rigakafin Marisuwa Mai Rai

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Anatoli Aleksandrovich Smorodintsev, likita ɗan ƙasar Rasha wanda ya shafe kimanin shekara 50 yana kare ra'ayin cewa hanyar da ta fi dacewa a kare ɗan'adam daga marisuwa ita ce a shaƙa masa ƙwayar cutar da ranta bayan an karya mata lago. An duba tasowarsa da gwaje-gwajensa, da rawar da ya taka wajen tabbatar da ɗigon shan inna, da yadda jikin mutum yake amsa irin wannan rigakafi, sannan da abin da ya faru lokacin da aka kawo gadonsa Afirka ta Yamma.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Tsafe ko Gusau ko Bunguɗu a cikin shekaru 30 da suka wuce ya san matan nan masu yawo gida-gida da akwatin ƙanƙara a rataye, suna ɗiga wa yara ɗigo biyu a baki, suna shafa musu tawada a ɗan yatsa. Abin da ke cikin wannan ɗigo ƙwayar cutar shan inna ce mai rai, wadda aka raunana har ta kasa gurgunta yaro amma ba ta kasa tayar da garkuwar jikinsa ba. Sunan da aka fi dangantawa da ɗigon shi ne na Albert Sabin na Amurka. Sai dai ba a Amurka aka fara tabbatar da amfaninsa a kan miliyoyin mutane ba. A Tarayyar Sobiyet aka yi, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ɗauki wannan kasada shi ne Smorodintsev. Abin lura shi ne shan inna ratse ne kawai a rayuwarsa. Cutar da ya fara da ita, ya kuma mutu yana fama da ita, ita ce marisuwa.

Ya kamata a bambance kalmomi tun daga nan. Bahaushe yana kiran kowane irin yoyon hanci da atishawa mura, yana kuma danganta ta da hunturu da ƙura. Marisuwa kuwa suna ne da ya maƙale wa annobar 1918, wadda tsofaffi suka riƙa ƙirga shekarun haihuwa da ita. Annobar ta sauka Legas a ranar 14 ga Satumba 1918 ta jirgin ruwa mai suna Bida, ta bi layin dogo zuwa Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Nijeriya, a lokacin da yawan jama'ar ƙasar bai wuce miliyan 18 ba. A wancan lokaci dogo bai iso Tsafe ba, domin reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau zuwa Ƙaurar Namoda sai a 1929 aka kammala shi. Hanyoyin fatake ne suka haɗa wannan yanki da Kano da Zariya. A cikin wannan maƙala, kalmar marisuwa tana nufin cutar da bairos ɗin infuluwenza ke haddasawa, ko ta zo a matsayin annoba ko ta zo a matsayin ciwon shekara-shekara.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Smorodintsev a ranar 19 ga Afrilu 1901 a ƙauyen Askino da ke lardin Ufa, a yankin da yanzu ake kira Bashkortostan. Ya yi karatun likita a Jami'ar Tomsk ta Saberiya a tsakiyar juyin juya hali da yaƙin basasa, ya kammala a 1923. Bayan ɗan aiki a cibiyar binciken bakteriya ta Tomsk da kuma aikin likitan soja, sai ya koma Leningrad, birnin da ya zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa in ban da shekarun da ya yi a Mosko. A 1933 aka ba shi shugabancin sashen nazarin bakteriya a Cibiyar Pasteur ta Leningrad, yana ɗan shekara 32.

3.0 Gwajin 1936 zuwa 1937

Shekarar da ya karɓi wannan sashe ita ce shekarar da aka gano ainihin abin da ke kawo marisuwa. Tun 1892 likitoci suke ɗora laifin a kan wata bakteriya da Richard Pfeiffer ya gano a majinar marasa lafiya, kuma da wannan kuskure duniya ta shiga annobar 1918 ta fita. A 1933 Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, a Landan, suka ɗauki ruwan maƙogwaron masu ciwo, suka tace shi har bakteriya ta kasa wucewa, suka ɗiga wa wata ƙaramar dabba mai kama da tunku da ake kira feret, sai ga ta tana zazzaɓi da atishawa. Ashe bairos ne. Wannan ya mayar da mutumin da aka naɗa domin nazarin bakteriya zuwa ga wani fage dabam. Da marisuwa ta ɓarke a Leningrad a 1936, Smorodintsev da abokan aikinsa suka ware bairos ɗin, suka buga sakamakonsu a mujallar Lancet a wannan shekara.

Abin da ya yi bayan haka shi ne tushen duk rayuwarsa. Ya lura cewa bairos ɗin da aka yi ta zagayawa da shi daga huhun ɓera zuwa huhun wani ɓera yana ƙara kaifi a kan ɓera, amma yana dakushewa a kan mutum. Sai ya fesa irin wannan bairos ga mutum 72 da suka ba da kansu, suka shaƙe shi ta hanci. Kimanin kashi 20 cikin 100 ne suka yi zazzaɓi, shi ma mai sauƙi, kuma an ga ƙaruwar sinadaran kariya, wato antibodi, a jinin da yawa daga cikinsu. An buga rahoton a Amurka a 1937, kuma har yau masu rubuta tarihin gwajin marisuwa a jikin ɗan'adam daga gare shi suke farawa.

Tunanin ba baƙo ba ne. Tun kafin Edward Jenner ya yi gwajinsa na 1796, al'ummu da dama na Afirka ta Yamma, har da Hausawa, sun san ɗibar ruwan ƙurjin mai agana a tsaga wa mai lafiya, domin ya yi ciwon da sauƙi ya tsira daga mai tsanani. A shekarar 1937 ɗin kanta Max Theiler ya fito da rigakafin shawara mai rai, daga bairos ɗin da aka ɗiba a 1927 a jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, ƙarƙashin hukumar binciken shawara da ke da mazauni a Yaba ta Legas. Abin da Smorodintsev ya ƙara shi ne maganar ƙofa. A ganinsa, tun da ta hanci marisuwa ke shiga, to a hanci ya kamata a girke mai gadi. Masana na Amurka sun bi wata hanya. Thomas Francis da ɗalibinsa Jonas Salk suka shuka bairos ɗin a ƙwan kaza, suka kashe shi da sinadarin fomalin, suka yi allurarsa ga sojoji a hunturun 1943 zuwa 1944, aka ga amfaninsa, aka amince da shi a 1945. Daga nan fagen ya rabu gida biyu, masu matacce da masu mai rai, kuma rabuwar ta bi layin siyasar duniya ta wancan zamani kusan sau da ƙafa.

4.0 Shekarun Dajin Gabas

Kafin ya ci gaba da marisuwa, hukuma ta ja shi zuwa wani aiki. A gabashin Saberiya wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa tana kashe sojoji da masu saran itace. Tawagar Lev Zilber ta gano a 1937 cewa bairos ne kuma kaska ce ke yaɗa shi, amma ladar da Zilber ya samu ita ce kurkuku, domin zamanin kame-kamen Stalin ne. Smorodintsev, wanda ya koma Mosko a 1938 ya shugabanci sashen bairos na babbar cibiyar binciken likitanci ta ƙasa, yana cikin waɗanda suka ɗora daga inda Zilber ya tsaya. Aikin ya ci rayuka. Nadezhda Kagan, wadda take cikin masu haɗa rigakafin, ta kamu da cutar a ɗakin gwaji ta rasu a 1938. Waɗanda suka rage, ciki har da Elizaveta Levkovich, suka kammala shi, aka gwada shi a yankin Khabarovsk a 1939, kuma a 1941 Smorodintsev yana cikin waɗanda aka ba Lambar Stalin saboda wannan aiki. Akwai abin dariya kaɗan a nan: babban mai kare rigakafi mai rai da matacce ya fara samun lambar yabo, domin da fomalin aka kashe bairos ɗin kaska. Wannan yana nuna cewa ra'ayinsa ba aƙida ce makauniya ba. Bairos mai kai hari ga ƙwaƙwalwa ba abin da za a saki da rai ba ne, kuma ya san haka.

5.0 Ratsen Shan Inna

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo Leningrad, ya kafa sashen bairos a Cibiyar Binciken Likitanci ta Gwaji a 1946. A tsakiyar shekarun 1950 shan inna ta addabi Tarayyar Sobiyet, har gwamnati ta yarda ta tura masana zuwa ƙasar abokan gaba. A farkon 1956 Smorodintsev da Mikhail Chumakov da Marina Voroshilova suka ziyarci Amurka, suka gana da Salk, suka kuma gana da Sabin. Shi Sabin yana da raunanan nau'o'in bairos ɗin guda 3 a hannu, amma ba shi da yaran da zai gwada a kansu, domin allurar Salk ta riga ta game Amurka tun 1955. Haka kuma hatsarin da ya auku a wannan shekara, inda wani kason allurar ya fito da bairos ɗin da bai gama mutuwa ba har yara 10 suka rasu wasu kimanin 200 suka gurgunce, ya sa hukumomi ba sa son jin zancen bairos mai rai ko kaɗan.

Ga Smorodintsev kuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Shan inna ta baki take shiga ta zauna a hanji, ɗigon Sabin ma ta baki ake ba da shi. Wannan ita ce hujjar ƙofa da ya daɗe yana kafawa a kan marisuwa. Ya karɓi nau'o'in ya fara gwaji a Leningrad, kuma cikin yaran farko da aka ɗiga wa har da jikarsa. Wannan labari ya shahara a Rasha, kuma akan kawo shi a matsayin shaidar jarunta. Da ma'aunin yau, ba a ɗaukar sa jikar mai bincike a gwaji a matsayin hujjar cewa gwajin ya halasta. Amincewar iyaye da sa idon hukuma mai zaman kanta ake nema, kuma mutanen Kano da suka ga abin da gwajin maganin Trovan ya bari a 1996 ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalili. Duk da haka, ba za a musa cewa mutumin ya ɗora wa gidansa abin da yake neman ɗora wa gidajen wasu ba.

A 1959 aka faɗaɗa aikin. Chumakov ya ɗauki Estoniya da Lituweniya, Smorodintsev ya ɗauki Latbiya da wasu jamhuriyoyi, kuma kafin ƙarshen 1960 an ba mutum sama da miliyan 77 ɗigon a faɗin Tarayyar Sobiyet. Cutar ta faɗi warwas. A 1963 aka ba su biyun Lambar Lenin. Wannan shi ne ɗigon da daga baya ya iso Tsafe, shi ne kuma wanda jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar a 2003 bisa zargin yana hana haihuwa, har Kano ta dawo da shi a Yulin 2004. Zargin bai tabbata ba. Amma ɗigon yana da aibi na gaske wanda ba a cika faɗa a bainar jama'a ba: inda yaran da aka yi wa rigakafi suka yi kaɗan, raunanan bairos ɗin yakan yi ta yawo daga hanji zuwa hanji har ya dawo da kaifinsa. Arewacin Nijeriya ya fara ganin haka tun 2005, kuma ko bayan da aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta daji a ranar 25 ga Agusta 2020, Zamfara da Sakkwato da Kabi da Katsina sun ci gaba da samun irin wannan nau'i da ya rikiɗa. Saboda shi ne aka ƙera sabon ɗigo mai wahalar rikiɗa, wanda Nijeriya ce ta fara amfani da shi a Maris 2021. Wannan tsoro na komawar raunanan bairos ga asalinsa shi ne tambayar da ta bi Smorodintsev duk tsawon aikinsa.

A cikin waɗannan shekaru ɗakin bincikensa ya fitar da nau'in rigakafin ƙyanda mai suna Leningrad-16 da na hangum mai suna Leningrad-3, dukansu masu rai.

6.0 Dabarar Sanyi

Marisuwa ta fi shan inna wuyar sha'ani, saboda ba ta tsayawa wuri ɗaya. A bayan bairos ɗin akwai furotin iri biyu da ake yi wa laƙabi da H da N, waɗanda su ne garkuwar jiki ke ganewa, kuma suna sauya kama kaɗan-kaɗan kowace shekara. Haka ya sa allurar Amurka ta gaza a 1947. Wani lokaci kuma sukan sauya gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a annobar 1957 ta H2N2 da ta 1968 ta H3N2. Tarayyar Sobiyet ta yi ta fesa wa ma'aikata rigakafi mai rai tun shekarun 1950, ana raunana kowane sabon nau'i ta hanyar zagayawa da shi daga ƙwai zuwa ƙwai. Matsalar ita ce ba a san inda za a tsaya ba. In an tsaya da wuri, bairos ɗin yakan sa yara zazzaɓi. In an zarce, yakan kasa kama hanci balle ya tayar da garkuwa. Kuma da zarar cutar ta sauya sai a koma farko. Masanan Yamma sun riƙa kallon rahotannin Sobiyet da shakku, kuma a gaskiya suna da hujja, domin sakamakon yakan bambanta daga shekara zuwa shekara, tsarin wasu gwaje-gwajen kuma ba ya ba da damar kwatantawa mai tsafta. Tsananin amincewar Smorodintsev da hanyarsa ta riga shaidar da ke hannunsa da shekaru masu yawa.

Mafitar ta fito ne daga hannun ɗalibarsa Galina Aleksandrova. Cikin hancin mutum ya fi huhunsa sanyi. Hanci yana wajen digiri 33 a ma'aunin Salshiyas, huhu kuwa 37. In aka horar da bairos ya saba da sanyi har ya kasa jure zafi, zai hayayyafa a hanci amma ba zai iya sauka huhu ba, inda nan ne marisuwa ke kisa. Suka ɗauki wani nau'i da aka ware a Leningrad lokacin annobar 1957, suka zagaya da shi sau 17 a ƙwai a wajen digiri 25, aka sami abin da ake kira A/Leningrad/134/17/57. Sun buga bayanin wannan dabara a 1965. A Jami'ar Michigan, Hunein Maassab, haifaffen Siriya kuma ɗalibin Francis, yana bin wannan hanya da wani nau'i na 1960, ya buga nasa a 1967. Wato dai almajirin gidan masu matacce ya ɓullo ta inda Leningrad ta ɓullo.

Saura matsalar sauyin kama. Gadon bairos ɗin marisuwa a rarrabe yake gida 8, kuma in nau'i biyu suka shiga ƙwai ɗaya sukan yi musayar sassa. Da wannan aka sami dabarar ɗaukar sassa 6 na ciki daga horarren bairos mai son sanyi, a haɗa da sassa 2 masu ɗauke da H da N daga nau'in da ke yawo a bana. Rauni daga tsohon, riga daga sabon. Kuma da yake raunin a warwatse yake a sassa da dama, ba a wuri ɗaya ba, komawa ga kaifi ta yi wuya ƙwarai fiye da yadda take ga ɗigon shan inna.

6.1 Yadda Jiki Yake Amsawa

A nan ne ra'ayin Smorodintsev ya fi samun gaskatawa, a nan ne kuma ya fi wahalar aunawa. Allurar matacce tana tara antibodi nau'in IgG a cikin jini, kuma tun 1972 masana suka amince da wani ma'auni: in aka tsarma jinin mutum sau 40 bai daina hana bairos manne wa jajayen ƙwayoyin jini ba, to yana da kariya kimanin rabi. Feshin hanci ba ya cika tara irin wannan a jini, musamman ga manya, saboda haka duk wanda ya auna shi da wannan mudu zai ce bai yi komai ba. Aikinsa a wani wuri yake. Bairos ɗin yakan hayayyafa na 'yan kwanaki a fatar cikin hanci, sai jiki ya fara zubo antibodi nau'in IgA a cikin majina, wanda ke tare cuta tun a bakin ƙofa. Sannan yana tayar da ƙwayoyin garkuwa nau'in T, waɗanda ke gane furotin ɗin cikin bairos, ba rigarsa kawai ba. Furotin ɗin ciki ba ya saurin sauyawa, saboda haka kariyar takan iya kaiwa ga nau'in da ya ɗan kauce daga wanda aka yi rigakafin dominsa. An ga haka a Amurka a gwajin da Robert Belshe ya jagoranta: a hunturun 1996 zuwa 1997 feshin ya kare yara da kashi 93 cikin 100, a shekara ta biyu kuma, da wani nau'i da ba a zata ba ya ɓullo, ya kare su da kashi 86.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Rigakafi mai rai dole ya kama kafin ya yi aiki. Babban mutum da ya sha yin marisuwa yana da tsohuwar garkuwa a hanci, wadda takan murƙushe raunanan bairos ɗin kafin ya hayayyafa, sai feshin ya tashi a banza. Shi ya sa ya fi amfani ga yara, akasin allura. Amma yaran ma akwai iyaka, domin an ga yana jawo shesshekar numfashi ga waɗanda ba su kai shekara 2 ba, ba a kuma ba masu juna biyu ko masu raunin garkuwa. Wani amfanin kuma ba a jikin wanda aka fesa wa ake ganinsa ba. Binciken da Larisa Rudenko, ɗaya daga cikin magadan sashen Smorodintsev, ta buga a 1993 kan makarantun Novgorod ya nuna cewa inda aka fesa wa ɗalibai da yawa, ciwon ya ragu hatta ga malamai da yaran da ba a fesa wa ba. A kan irin wannan hujja Ingila ta fara fesa wa yara a 2013.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa da Abin da Ya Bari

A 1966 aka zaɓe shi cikakken mamba na Majalisar Masana Likitanci ta Tarayyar Sobiyet, a 1967 kuma ya kafa Cibiyar Binciken Marisuwa ta ƙasa a Leningrad, ya shugabance ta har 1972. Yanzu sunansa take ɗauke da shi. Ya ƙarasa shekarunsa na aiki a Cibiyar Pasteur. Ya ga ɓullar H1N1 a 1977, nau'in da ya ɓace shekara 20 sannan ya dawo kusan ba tare da ya sauya ba, lamarin da ya sa masana da dama suka karkata ga cewa daga wani ɗakin gwaji ko wani gwajin rigakafi ya kuɓuce, kuma ya ƙara wa masu tsoron bairos mai rai ƙarfin gwiwa. Ya rasu a Leningrad a ranar 6 ga Agusta 1986, yana da shekara 85. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a 1987, rigakafin mai son sanyi ya shiga amfanin jama'a a ƙasarsa. Na Maassab sai a 2003 Amurka ta amince da shi da sunan FluMist, kuma shi ma bai tsira daga tuntuɓe ba, domin hukumomin lafiya na can sun janye shawarar amfani da shi a hunturu biyu daga 2016, bayan an ga sashensa na H1N1 ba ya kare yara.

Gadon Leningrad ya iso Afirka ta hanyar Indiya. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu izinin miƙa nau'o'in ga masana'antun ƙasashe masu tasowa, domin feshin ya fi allura arha da saurin haɗawa, ƙwai ɗaya yana ba da kaso mai yawa, kuma ba ya buƙatar mai iya allura. Cibiyar Serum ta Indiya ta fitar da shi da sunan Nasovac a 2010. Ga ƙasa irin Nijeriya, wadda a cikinta aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a nahiyar Afirka, a wata gonar kaji kusa da Jaji a Fabrairun 2006, wadda kuma har yau rigakafin marisuwa ba ya cikin jadawalin rigakafin yaranta, wannan ba ƙaramin zance ba ne. A 2013 aka gwada shi a wurare biyu, kowanne da yara 1,761. A Bangaladash ya rage ciwon da kashi 57.5 cikin 100. A Niakhar ta ƙasar Sanagal bai rage komai ba.

An yi ta tattauna dalili, daga tsohuwar garkuwar yaran zuwa abinci zuwa ingancin nau'in da ke cikin feshin. Amsar da ta fi ƙarfi daga Sukuta ta ƙasar Gambiya ta fito, inda aka fesa wa yara 'yan shekara 2 zuwa 4 a 2017 da 2018, ana duba hancinsu bayan kwana biyu don a ga ko bairos ɗin ya kama. A 2017, da tsohon nau'in H1N1 na 2009, kashi 14 cikin 100 ne kawai aka samu yana hayayyafa a hancinsu, kashi 5 kuma suka nuna ƙaruwar antibodi a jini. A 2018 aka sauya shi da wani nau'i na 2015 wanda ya fi iya hayayyafa a fatar hancin mutum, sai adadin farko ya kai kashi 63, na biyu ya kai 19, amsar ƙwayoyin T ma ta ƙaru. Yaran garin ɗaya ne, yanayin ɗaya ne. Sassa 2 na waje kawai aka sauya. Sauran sassa 6 da suka hayayyafa a hancin yaran Sukuta daga bairos ɗin nan suka fito wanda aka ware a Leningrad a 1957, Aleksandrova da malaminta suka zagaya da shi sau 17 a cikin sanyi.